Shekarar da Aka Sa Mini Suna Malamin Kwaɗi

Na san abin da aka faɗa muku, saboda haka kada wanda ya sunkuyar da kai. Tun kuna ƙanana, duk sallar da muka je gida sai an nuna ku an ce ga 'ya'yan Malamin Kwaɗi, kuma na san in na juya baya ana ƙarasa muku sauran: wai ubanku ya kwashi 'ya'yan mutane ya tsoma su a ruwan kanal, ya ɗebo musu cuta, aka kore shi daga makarantar garinsu. Babbar yayarku ta taɓa dawowa daga gidan biki tana kuka a kan maganar nan, na ce mata ta share hawaye, wata rana zan yi bayani. To yau gwiwa ta ƙi, ido ya fara gajiya, masu yaɗa maganar da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, amma maganar tana nan daram. Ƙarya ce tsagwaronta. Ban taɓa sa ƙafar ɗan kowa a cikin ruwa ba, kuma har yanzu in na tuna yadda aka juya abin nan sai in ji abinci ya fita raina.

Lokacin da na gama karatun malanta na dawo, na tarar ruwan madatsar Tiga ya canja ƙauyenmu. Da can in kaka ta wuce sai maza su watse cin rani, gari ya zama na tsofaffi da awaki. Yanzu ga kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, ta ratso tsakaninmu da Kura ta miƙa wajen Bunkure, ga alkama kore shar a tsakiyar rani, ga kwandunan tumatir jere a bakin titin Zariya tun daga Kadawa har Garun Malam, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. Mutanen da ban taɓa gani da keke ba na tarar da su a kan babur. An kuma buɗe ƙaramar sakandare a bayan gari, kuma ni na roƙa da bakina a ajiye ni a can, ba don komai ba sai don Inna, kakarku. Mahaifina ya rasu, ni kaɗai ne namijin da ya rage mata, ƙafafunta sun kumbura ba ta iya zuwa ko ƙofar gida, kuma ta rantse ba za ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki ba. Ku riƙe wannan da kyau, don duk abin da zai biyo baya a kansa yake: aikina a makarantar nan shi ne zamana kusa da uwata.

Kimiyya aka ba ni. Ɗakin gwaji babu, ko kwalba ɗaya babu, sai allo da littafi. Da muka zo darasin ruwa da halittun cikinsa, na buɗe littafin na ga hoton wani tafki da wasu itatuwa da tsuntsaye waɗanda ni kaina ban taɓa gani ba. Ina karantawa yara suna maimaitawa da ƙarfi, ba wanda ya san abin da yake faɗa, alhali ta taga muna hango ruwa yana gudu. Raina ya ɓaci. Yaran da suka tashi a bakin kanal, a ce sai an nuna musu ruwan wata ƙasa a takarda! Na je na sami shugaban makaranta na ce ina so in riƙa fita da su, ya ce in dai ba zan nemi komai a wurinsa ba, in je. Da na koma gida na ɗauki rariyar tankaɗen Ummanku na ɗaure ta a bakin doguwar gora, na tattara kwalaben da ke gidan. Tana fitowa daga madafa ta gan ni.

“Malam, rariyata ce fa wannan!”

“Aro na yi, aikin gwamnati za ta yi.”

“To gwamnatin ta zo ta tankaɗe maka garin tuwo.”

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar watannin nan ba. Dokata ɗaya ce, kuma duk wanda ya zauna a ajina zai ba ku shaida: ana tsayawa a kan gaɓa, gora ce take shiga ruwa, mutum ba ya shiga. Mu kamfato, mu juye a farin kwano, yara su kewaye. Ga talibambam, wasu da jela kawai, wasu ƙafafu sun fara fitowa. Ga 'ya'yan karfasa, ga matsattsaku yana miƙewa yana dunƙulewa. Ranar da na nuna musu wani mummunan ƙwaro mai rarrafe a laka na ce shi ne yake zama mazarin da suke bi da gudu, sai da suka yi mini musu, muka ajiye shi a kwalba da ɗan tsinke har ya fasa baya ya fito da fukafukai a gabansu. Muka zauna a inuwa muka warware wa ke cin wa: gansakuka ta ci rana, talibambam ya ci gansakuka, tarwaɗa ta ci talibambam, zalɓe ya sure tarwaɗa. Suka gane dalilin da ya sa inda kainuwa ta rufe ruwa kifi yake ƙaranci, da abin da ya sa kwaɗi suke mutuwa a inda aka wanke tulun feshin maganin ƙwari. 'Yan Fulani masu kawo shanu shan ruwa su ma sukan jingina da sanda su yi kallo. Mutanen gari kuwa in sun wuce sai dariya, daga nan sunan ya samo asali, kuma a lokacin ni ma dariya nake yi.

A ajin akwai Habu, ɗan Alhaji Mamman. Alhaji shi ne shugaban manoman ɓangarenmu, shi yake raba ranakun ban ruwa, kuma abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Habu siriri ne mai kaifin kai, irin yaron da in ka ba shi amsa sai ya sake jefo maka wata tambayar. Wata rana muna bakin ruwa ya koma gefe ya tsuguna zai kama ruwa, sai na ji abokansa sun ɗauki shewa.

“Malam, Habu ya zama babba! Wallahi ja wur yake yi!”

Na je na duba, jini ne. Habu yana murmushi yana gyara wando, ko a jikinsa. Na tara su na ce duk mai ganin jini a fitsarinsa ya ɗaga hannu, hannuwa suka tashi kamar na ce wa ke son alewa. Waɗanda ba su ɗaga ba su ne masu jin kunya.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane ba sai na yi muku bayani. A wurinmu, in yaro ya fara fitsarin jini, cewa ake ya balaga. Wai yadda mace take ganin nata, haka namiji ma yake ganin nasa. Uba ya ji ya yi murmushi, tsofaffi su tsokani yaro su ce saura aure. Ni kaina na yi shi ina yaro, lokacin da muke iyo a kududdufin bayan gari, kuma an taya ni murna. Amma kududdufi da rani ƙafewa yake yi, jiki ya huta. Yanzu ruwa ya zo ya zauna shekara zagaye, yara suna cikinsa safe da yamma. A kwaleji aka koya mini sunan abin, tsargiya, aka nuna mini abin da take yi wa mafitsara da ƙoda in ta daɗe a jiki.

Fita ta gaba na kai su inda ruwan ya kwanta, wajen ciyayin gefe. Muka kamfato 'yan ƙananan dodon koɗi, waɗanda ba su wuce ƙwayar wake ba, muka zuba a kwalba da ruwa mai kyau muka ajiye a rana. Da rana ta ɗaga na fito da gilashin ƙara girman abu da na zo da shi daga kwaleji, na ce su zo ɗaya bayan ɗaya. A cikin ruwan da suka gani garau ga wasu 'yan abubuwa farare suna wutsil-wutsil. Na gaya musu yadda abin yake: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, ya girma ya fito, ya huda fatar wanda ya shiga ruwan, ya tafi ya zauna yana tsaga masa ciki. Na ce kada su ƙara yin fitsari a kanal, su bar iyo, in aiki ya tilasta su shiga su fito da wuri su goge jiki, kuma duk mai ganin jini ya gaya wa iyayensa a kai shi asibiti, akwai magani. Habu ne ya daɗe yana leƙa kwalbar.

“Malam, wato ba girma ba ne?”

“Ba girma ba ne, Habu. Ciwo ne.”

To a nan ne wutar ta tashi. Ban ruwa a ɓangarenmu aikin yara ne. Su ne suke tsoma bututun roba a ƙaramar kanal su cika shi, su toshe da tafin hannu su jefa shi ƙetaren gaɓa ruwa ya bi, su ne kuma suke tsayawa cikin ruwa har ƙwauri suna buɗe fangali suna rufewa. Sai ga yara sun fara noƙewa. Wani ya ce sai an saya masa dogon takalmin roba, wani ya gudu ranar da layin ban ruwan gidansu ya zo. Habu kuwa, da bakinsa da ba ya ɓoye magana, a gaban 'yan ƙwadago ya ce wa ubansa ruwan nan akwai tsutsa a ciki, Malam ya nuna musu. Tumatir yana fure, lokacin da ba ya son ƙishi ko kaɗan. Kafin mako ya zagayo, in na yi sallama a majalisa sai a amsa mini ciki-ciki. Inna ma labari ya iso mata har kan tabarmarta, ta sa aka kira ni.

“Kai wannan, me nake ji? An ce ka hana 'ya'yan mutane aiki.”

“Inna, ban hana su ba. Abin da ke cikin ruwan na nuna musu.”

“Yo kai ba ka yi fitsarin ba? Ubanka har kaza ya yanka. Ga ka nan ƙato da gemu, me ya same ka?”

“Allah ne ya kiyaye, Inna.”

“To ya kiyaye su ma. Ka bi mutane a hankali, garin nan ba a faɗa da mai rabon ruwa.”

Ana cikin haka Habu ya fara lalacewa. Ya yi fari fat, yana gyangyaɗi a aji, in ya je fitsari sai ya dawo yana riƙe da mara, idonsa da ƙwalla. Na wanke ƙafa na je har zauren Alhaji, na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ina roƙon arziki a kai yaron nan asibiti. Ya dube ni sama da ƙasa.

“Ɗan nawa ne ba shi da lafiya? Girma ne yake shigarsa, kowane namiji da haka ya tashi. Kai dai boko ya sa ka raina iyayenka. Tashi ka ba ni wuri.”

Bayan 'yan kwanaki mahaifiyar Habu ta aiko wa Ummanku a ɓoye, ta ce yaron ba ya iya barci don ciwo, don girman Allah Malam ya taimaka. Ranar Asabar na goya shi a keke zuwa bakin titi, muka hau mota muka shiga birni. Aka duba fitsarinsa, aka ce tsargiya ce kuma ta yi nisa, aka ba shi ƙwayoyi. Wasu sun ce laifina ke nan, na ɗauki ɗan mutum ba da izinin ubansa ba. Ni ban ɗauke shi laifi ba, jiya ban ɗauka ba, yau ma ban ɗauka ba. Uwa ce ta roƙe ni, kuma yaron ya warke, ya yi ƙiba, yau yana nan da jikokinsa.

Na zaci da Alhaji ya ji abin da likita ya faɗa zai sauko. Ashe ban san mutane ba. Sai ya juya maganar gaba ɗaya. Jiya ɗansa lafiyarsa ƙalau, yau kuma ya yarda ba shi da lafiya, amma wai ni na sa masa. Aka kira ni ofishin shugaban makaranta, na tarar da Alhaji da mai unguwa da wasu iyaye a zaune. Alhaji ya fara, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba.

“Shekara nawa yaranmu suna cikin ruwan nan? Wane likita ya taɓa cewa ɗayansu ba shi da lafiya? Babu! Sai da wannan ya zo yana kwasar su yana tono kwaɗi da ƙazantar da Allah ya ɓoye a ƙarƙashin laka, yana sa su suna leƙawa. Da can jinin girma suke yi. Shi ya mayar da shi cuta.”

Jama'a suka ce ƙwarai kuwa, haka ne. Na ce Baba, ba wanda ya taɓa kai su wurin likita ne, ta yaya likita zai ce ba su da lafiya? Na ce a kira yara a tambaye su ko na taɓa barin wani ya taka ruwa. Mai unguwa ya ce ba a kawo yara cikin maganar manya. Na ce to ga kanal can, mu tashi yanzu in nuna muku da idonku. Wani ya ce ka ji ko, mu ma so yake ya sa mana. Abin da ya fi ƙona mini rai, da yawansu ba mugaye ba ne, kuma ba wawaye ba ne, mutane ne da suka san ƙasa da iri fiye da ni. Amma in sun yarda ruwan ne, to sun yarda abin da ya fitar da su daga talauci shi ne yake cin 'ya'yansu, kuma su ne suke tura su ciki kullum. Ɗora wa malami ya fi sauƙi.

Da suka fita shugaban makaranta ya rufe ƙofa. Mutum ne mai sanyin hali, ba zan ambaci sunansa ba don 'ya'yansa suna raye. Ya ce Alhaji yana da mutane a ofishin ilimi, kuma ya rantse sai an ɗauke ni, amma an samu mafita. Ranar Litinin a taron safe, a gaban yara da iyayen da za su zo, in tsaya in ce abin da na koyar maganar littafi ce, ta wasu ƙasashe, ruwan kanal ɗinmu ba shi da komai, kowa ya koma ya taimaki ubansa. In kuma daina fita da yara. In na yi haka magana ta mutu.

“Ranka ya daɗe, kai ma ka san gaskiya na koyar.”

“Na sani, Malam. Ni ma na yi karatun nan.”

“To in tsaya in ce musu abin da suka gani da idonsu ba su gani ba?”

“Magana ce ta minti ɗaya. Ka tuna da tsohuwarka.”

Ka ji fa! Da uwata aka zo a murɗe mini hannu. Na koma gida bayan la'asar na tarar Ummanku tana shafa wa Inna man zafi a ƙafa, a lokacin tana da cikin yayarku. Na zauna a bakin ƙofa na kwashe komai na faɗa musu. Inna ba ta ko bari na rufe baki ba.

“To mene ne a ciki? Faɗi ka huta. Baki ne fa kawai, ba a yanka ka ba.”

“Inna, in na faɗa gobe za su koma iyo. Wanda yake jini ba za a kai shi asibiti ba, za a ce ai malamin ma ya janye.”

“'Ya'yan wasu. Ni kuma fa? In suka jefa ka wata uwa duniya, wa zai ɗaga ni? Wa zai tsaya a kaina ranar da ta zo?”

Ta juya fuska bango tana kuka, abin da ban taɓa gani ba tun rasuwar mahaifina. Na dubi Ummanku ko za ta ce wani abu. Tana murza ƙafar tsohuwar ta yi magana, kanta a ƙasa.

“Malam, ni ba zan ce ka yi ko kada ka yi ba. Amma uwar Habu ni ta roƙa, ni na kawo maka. In an ɗauke ka, ni zan zauna da Inna.”

Kada ku zaci da ƙarfin zuciya na yi kwanakin nan. Sau da yawa na shirya kalmomin da zan janye da su, ina neman yadda zan faɗe su ba tare da sun zama ƙarya ba, ban samu ba. Ranar Litinin yara suka yi layi, iyaye suka tsaya a gindin darbejiya, Alhaji a gaba da babbar riga. Shugaban makaranta ya ce Malamin kimiyya yana da sanarwa. Na fito. Na dubi layin 'yan ajina, duk sun zuba mini ido, waɗanda na sa suka leƙa kwalba ɗaya bayan ɗaya.

“An ce in gaya muku ruwan kanal ba shi da komai. Yana da shi, kun gani da idonku. Jini a fitsari ba girma ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani. Ku taimaki iyayenku a gona, amma ku bi abin da na koya muku. Iyaye, don Allah ku kai su asibiti. Shi ke nan sanarwata.”

Alhaji ya kaɗa riga ya tafi, sauran suka bi shi. Shugaban makaranta kuwa, ranar ko gaisuwata bai amsa ba. Kafin alkama ta isa yanka takardar canji ta zo, aka jefa ni wani ƙauye can bayan Haɗeja, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Na roƙi Inna ta bi ni, na ce zan ɗauke ta a bayana in sa ta a mota, ta ce gawarta ce kawai za ta fita daga ɗakin nan. Ranar da zan tafi na durƙusa a gabanta, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ummanku ta cika alkawari, ta zauna da ita da tsohon ciki, ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa. Duk wanda a cikinku ya taɓa ɗaga wa uwarsa murya, ya je ya nemi gafararta tun tana raye.

Ina zuwa in an samu hutu, in kwana biyu in koma. Da damina ta yi tsakiya hanyar ƙauyen da nake ta yanke. Inna ta rasu ranar wata Talata, wanda aka aiko ya gaya mini bai iso ba sai washegari, ni kuma ban isa gida ba sai da aka kwana biyu da binne ta. Maƙwabta ne suka ɗauke ta. Abin da ta tambaye ni a bakin ƙofa, wa zai tsaya a kanta, amsarsa ke nan: ba ni ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba wanda ya isa ya ce mini ya yi arha. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwata, wannan kuwa har yau ina fama da zuciyata a kansa.

Ranar sadakar uku ina zaune a zaure ana ta shigowa gaisuwa, sai ga Alhaji Mamman. Ya yi addu'a mai tsawo, ya yabi Inna, ya yabi mahaifina, jama'a suna cewa amin. Da zai tafi ya yafito ni, na bi shi har bayan katanga inda ba kowa. Ya waiga hagu ya waiga dama, ya rage murya.

“Malam, ƙanin Habu ne, Sale. Shi ma abin ya kama shi, har ya fi na wancan. Wane wuri ne ka kai Habu?”

Na tsaya ina kallonsa. Uwata tana cikin ƙasa kwana uku, ban ga fuskarta ba saboda mutumin nan, ga shi a gabana yana tambayata hanyar asibiti. Duk da haka na gaya masa wurin, na gaya masa ƙofar da ake shiga. Sannan na ce:

“Baba, ga mutane can cike da zaure. Za ka shiga ka faɗa musu abin da ka faɗa mini yanzu?”

Ya gyara hularsa.

“Haba Malam, abin da ya wuce ai ya wuce. Sai dai wata alfarma. Ka san matsayina a garin nan, in aka gan ni a can da yaro magana za ta yi yawa. Tunda kai ka san wurin...”

Washegari na goya Sale a keke zuwa bakin titi, muka shiga birni, aka duba shi aka ba shi magani. Da muka dawo, tun kafin mu kai gidajen farko yaron ya taɓa bayana ya ce in tsaya.

“Malam, a nan zan sauka. Baba ya ce kada a gan mu tare.”